Sola ta biya kaɗan-kaɗan: abin da na gani cikin wata 14 a unguwar marasa galihu

Wata 14 ke nan da muka haɗa ƙaramar na'urar sola a ɗakin yayata, irin wadda kamfanoni ke bayarwa a kan ɗan kafin alƙalami, sannan mai saye ya riƙa biyan ragowar kullum ko mako-mako ta wayar hannu har ya kammala ta zama tasa. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin yawancin masu yabon wannan kaya suna magana ne a kan ƙauyukan da turakun lantarki ba su kai ba, alhali mu a cikin birni muke, muna hango fitilun manyan gine-gine daga bakin ƙofa, sai dai unguwarmu ba ta cikin taswirar hukuma, don haka ba ta cikin lissafin masu raba wuta. Ba zan ambaci sunan kamfanin da muka saya a wurinsa ba, tun da ina da ƙorafi a kansa, kuma galibin abin da zan faɗa ya shafi tsarin cinikin ne baki ɗaya.

Yayata tela ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, kuma ɗaki ɗaya take haya mai rufin kwano, a nan suke kwana, a nan keken ɗinkinta na ƙafa yake. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UN-Habitat, tana sanya gida cikin rukunin marasa galihu idan ya rasa ko da ɗaya daga cikin abubuwa biyar: tsabtataccen ruwa, ban ɗaki mai inganci, wadataccen wurin kwana, gini mai ƙarko, da tabbacin cewa ba za a tashi mazauninsa ba gaira ba dalili. Ɗakin Yaya ya rasa huɗu, na biyar ɗin ma sai an yi masa sassauci. Mutanen da ke cikin irin wannan hali a duniya sun haura biliyan 1, daga Dharavi a Mumbai zuwa Kibera a Nairobi. Wutar lantarki ba ta cikin waɗannan ma'aunai biyar, amma duk wanda ya zauna a irin wannan wuri ya san cewa da zarar rana ta faɗi sana'a ta tsaya, kuma mai cin abinci hannu baka hannu ƙwarya ba ya raina awa uku na aiki.

Kafin zuwan na'urar, hanyoyin samun haske uku ne, kuma kowacce da nata sharrin. Akwai jona wuta ta ɓarauniyar hanya, inda wani mai ƙarfin hali ke janyo waya daga turken da ke bakin titi yana raba wa gidaje yana karɓar kuɗin wata, wutar ta zo lokacin da ta ga dama, wayoyin kuma suna ratsa saman kwanuka babu rufi babu kariya. Samun mita ta halal ba ya yiwuwa ga ɗan haya da ba shi da adireshi, wanda mai gidansa ma ba shi da takardar shaidar mallakar filin. Akwai fitilar kananzir da kyandir, sai kuma tocila mai batir da ke cin kuɗi a hankali ba a lura ba. Tsoron da ya fi damun Yaya shi ne gobara, domin ɗakin cike yake da yadudduka na mutane, kuma gidajen a manne suke da juna ta yadda motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga. Wannan tsoro ba na banza ba ne: a watan Maris na 2017 gobara ta tashi a unguwar Imizamo Yethu da ke birnin Cape Town, ta cinye gidaje sama da 2,000 ta bar kusan mutum 10,000 babu wurin kwana.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Akwai faifan sola mai ƙarfin wat 10, da akwatin batir wanda girmansa bai wuce littafi mai kauri ba, da ƙwan fitila uku kowanne da doguwar wayarsa da makunninsa, da kafa biyu na cajin waya. Wakilin kamfani ya haɗa komai cikin ƙasa da awa ɗaya. Game da haske kuwa ba ni da abin kushewa ko kaɗan. Fitilar aci-bal-bal da kyar take haskaka tafin hannun mai riƙe da ita, fitilar ƙwai ta ɗan ɗara ta, amma ƙwai ɗaya na wannan na'ura yana cika ɗakin da farin haske har kusurwa, babu hayaƙi, babu zafi, babu baƙin da ke taruwa a hancin yara da safe. Ƙwai ɗaya muka rataye daidai saman allurar keke, ɗaya a tsakiyar ɗaki, na uku a bakin ƙofa, wanda amfaninsa ya wuce gidanmu, domin lungun da ke kaiwa ban ɗakin haya ta gabanmu ya bi, kuma matan maƙwabta sun daina jin ɗar-ɗar idan dare ya yi.

Daren farko da na tabbatar kuɗin bai tafi a banza ba, Yaya tana ɗinka baƙin yadi da baƙin zare, aikin da a da ba ta taɓa shi bayan magariba, komai matsin mai kaya. Na ga ta zura zare a allura a karo ɗaya ba tare da ta kira babbar 'yarta ta taimaka mata ba, ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, “Ƙanena, ashe ba idona ne ya lalace ba.” Tun daga lokacin ta ƙara kimanin awa uku a kan aikinta na kullum, ta daina mayar da masu kawo aikin gaggawa, yara kuma suna karatu a gefenta a ƙarƙashin ƙwai na biyu. Cajin waya ma ya zama ɗan abin shiga, domin maƙwabta na kawo nasu suna ba da abin da ya sawwaƙa. Kada a raina wannan, saboda ga ɗan dako da lebura da mai wanki, waya ita ce ofis: idan ta mutu da yamma, aikin gobe ya tafi hannun wani.

Sai dai ya kamata mai saye ya san iyakar abin da yake saye, tun da wakilai ba su cika son yin wannan lissafi ba. Faifan wat 10 da ya sha rana mai kyau ta awa biyar zai tara abin da bai wuce wat 50 na awa ɗaya ba, kuma wani kaso yana salwanta tsakanin waya da batir. Cika batirin wayar zamani guda ɗaya yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, saboda haka duk ranar da aka yi cajin waya uku, fitilu za su yi sanyi tun kafin tsakar dare. Dutsen guga na lantarki yana buƙatar wajen wat 1,000, ke nan maganarsa ma ba ta taso ba, haka nan firji da injin keken ɗinki. A ma'aunin da Bankin Duniya ya fitar a 2015, wanda ya kasa samun lantarki matakai daga 0 zuwa 5, irin wannan na'ura tana mataki na 1 ne, wato haske da cajin waya, ba a hawa mataki na 2 sai faifan ya kai ƙarfin wat 50. Tana tsawaita lokacin sana'ar da mutum yake da ita, amma ba ta buɗe masa sabuwa.

Wata matsala da ban taɓa tunaninta ba sai da muka shiga ciki ita ce wurin ajiye faifan. An ƙera shi ne da tunanin mai gidan kansa da filin tsakar gida, mu kuwa rufin na mai gida ne, kuma ya ce kada a huda masa kwano. Ko da ya yarda, rufin ƙasa-ƙasa yake, yaro ma zai iya hawa ya kwance faifan cikin dare. Dole muka koma fitar da shi kowace safiya a jingine a kan rufi a ɗaure da waya, a shigo da shi da la'asar, aikin da ya zama na ɗan autan Yaya. Ga inuwa kuma: maƙwabcinmu ya ɗora ɗaki a saman nasa, tun daga nan rana ba ta isa faifan sai hantsi ya dubi ludayi. Inuwa a kan ɓangare kaɗan na faifai tana rage ƙarfinsa fiye da yadda ido ke zato, haka ƙura da hayaƙin girki, don haka goge shi da ɗanyen tsumma duk bayan kwana biyu ba ado ba ne.

Yanzu sai maganar biya, wadda ita ce zuciyar wannan ciniki, kuma a nan gizo ke saƙar. Tsarin ya samo asali ne daga yaɗuwar aika kuɗi ta waya, musamman bayan da kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da tsarin M-Pesa a Kenya a 2007, sannan kamfanoni irin M-KOPA, wanda aka kafa a 2011, suka gina kasuwancin sola a kansa, daga baya wasu da dama suka bi sahu a Afirka da Asiya. Namu ba ya cikin waɗanda na ambata, amma dabarar ɗaya ce. Mutum ya tura kuɗin kwana ɗaya ko na mako, sai a aiko masa da lambobi ya danna a jikin akwatin, ko kuma akwatin ya buɗe da kansa idan yana da layin waya a ciki. Kwanakin da aka saya suna ƙarewa, akwatin ya kulle, ko da batir cike yake. Hikimar a fili take: talaka ba shi da jingina, ba shi da takardar albashi, banki ba ya kallonsa, sai aka mayar da hasken kansa ya zama jinginar. Ban ga laifin wannan dabara ba a ranar da muka sa hannu, domin in ba ta wannan hanya ba, Yaya ba za ta taɓa tara kuɗin sayen na'urar a dunƙule ba.

Na gane ɗaya fuskar a wata na bakwai, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Yaya kwana tara, ni kuma ina wajen gari a kan aiki. Ɗan abin da ke hannunta ya tafi wajen magani, kwanakin da ta saya suka ƙare a dare na uku, akwatin ya yi ƙara sau biyu ya ɗauke, ƙaramar fitilar jikinsa tana nuna batir cike. Babbar 'yarta, mai shekara 13, ita ta riƙa auna wa uwarta magani da hasken kyandir, a ɗakin da yadudduka ke jibge, wato dai abin da muka sayi na'urar don gudunsa. Da na dawo na kira wakilin, ya saurare ni da ladabi, ya ce, “Malam, wallahi na tausaya, Allah Ya ba ta lafiya, amma ba ni ke kullewa ba, kwamfuta ce, ni ma ba ni da ikon buɗewa.” Na yarda da shi, domin shi ma kamasho yake ci, kuma idan masu saye suka gaza biya nasa abincin ne ke raguwa.

Wannan ita ce babbar illar kayan, kuma ba a cikin waya ko batir take ba, a cikin tunanin waɗanda suka tsara biyan take. Sun ɗauka cewa matsalar talaka ƙarancin kuɗi ce kawai, sai suka yanka bashin ƙanana-ƙanana, alhali rabin matsalar rashin tabbas ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abinci ne ba tare da kwantiragi ko hutun rashin lafiya ko inshora ba. Irin wannan mutum yau ya samu, gobe ya rasa, jibi ruwan sama ya hana kasuwa, gata jami'ai su kwashe masa kaya daga bakin titi. Ranar da ya gaza biya ita ce ranar da wata musiba ta same shi, kuma ita ce ranar da ya fi buƙatar haske da waya mai caji don neman taimako. Mai kantin unguwa da ke ba da kananzir bashi ya san fuskar Yaya, ya san ba ta cin amana, zai ce ta kawo idan ta warke. Akwatin bai san kowa ba.

Na fahimci uzurin kamfani, domin shi ma bashi ya ciyo ya sayo kayan, kuma idan babu kullewa wasu ba za su biya ba. Amma tsakanin kullewa ɗungurungum da sakin kaya kyauta akwai fili mai faɗi. Wanda ya biya wata shida bai yi fashi ba ya cancanci 'yan kwanakin rangwame da zai ciro idan ta ɓaci. Ko kuma a bar ƙwai ɗaya yana ci a ƙaramin haske na awa biyu, a kulle sauran da cajin waya, matsin biya yana nan, gidan kuma bai koma kan kyandir ba. Wani abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne lokacin damina: an yi kwana huɗu a jere hadari ya rufe sama, batir bai cika ko rabi ba, amma kwanakin da muka saya suna tafiya yadda suka saba. Mun biya kuɗin haske cikakke, mun samu rabi, kuma babu wanda za a kai wa kuka.

Jimillar kuɗin ma abin dubawa ce. Wakili yana faɗin kuɗin kwana ɗaya ne, yana kwatanta shi da abin da ake kashewa a kananzir da cajin waya, kuma kwatancin gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa sai an matsa shi ne abin da za a samu idan aka ninka kuɗin kwana da adadin kwanakin aka haɗa da kafin alƙalami. Da na yi wannan lissafi a bayan takarda na gwada da farashin sayen irin na'urar kuɗi hannu, tazarar ta ba ni mamaki, kuma ita ce kuɗin ruwan bashin ko da ba a kira ta da wannan suna ba. Takardar yarjejeniyar shafi huɗu ce da ƙananan haruffa, cikin harshen da Yaya ba ta karantawa, kuma a can ciki aka rubuta cewa idan an daɗe ba a biya ba kamfani na iya zuwa ya ɗauke kayansa. Abin da aka riga aka biya kuwa, takardar ta yi shiru a kansa.

Duk da haka akwai wata fa'ida da ba a tallata ta, wadda a ganina ta fi duk sauran ga mai zama a wurin da ba shi da tabbas. A wata na goma aka zo aka shafa jan fenti a jikin gidajen layin da ke bayanmu, alamar rusau, unguwa ta kwana babu barci. Mazauna irin waɗannan wurare sun san cewa abin ba barazana ce kawai ba: a 2005 rusau ɗin da gwamnatin Zimbabuwe ta kira Murambatsvina ya raba kimanin mutum 700,000 da gidajensu ko sana'o'insu ko duka biyun, kamar yadda wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya Anna Tibaijuka ta ƙiyasta. Wannan tsoro ne ke hana ɗan haya zuba kuɗi a cikin abin da ke manne da gini. A daren na kwance ƙwan fitila uku, na naɗe wayoyin, na sa su da akwatin da faifan cikin buhu ɗaya, duka bai kai minti 20 ba. Rusau bai iso layinmu ba, washegari muka mayar da komai, amma na gane cewa wannan ce kadarar Yaya ta biyu bayan keken ɗinki da za ta iya ɗauka a ka ta tafi da ita duk inda aka kora ta.

Bayan sayarwa, hidimar kamfanin tsaka-tsaki ce. Layin kiransu yana shiga, kuma lambobin buɗewa suna zuwa cikin minti kaɗan idan sabis na waya bai yi gardama ba. Gyara ne ke da wuya. Akwatin a liƙe yake, buɗe shi yana soke garanti, bakin wayoyin kuma irin nasu ne su kaɗai, saboda haka mai gyaran rediyo da ke bakin lungu, wanda zai iya aikin cikin rabin awa, ba shi da damar taɓawa. Batirin lithiyom yana raguwa da shekaru, zafin ɗakin kwano kuma yana gaggauta tsufansa, don haka yana da kyau mai saye ya tambaya ko garantin zai wuce ranar gama biya ko tare za su ƙare, kuma ko ana sayar da batirin canji. Yana da kyau ya duba ko kayan suna cikin waɗanda VeraSol ta tantance, shirin da ya gaji aikin tantance inganci na Lighting Global na Bankin Duniya a 2020, wanda ke gwada ko abin da aka rubuta a jikin kwali gaskiya ne. Kasuwa cike take da masu kama da na ƙwarai waɗanda ba sa kai wata uku.

Ga mai sana'ar da haske ke ƙara mata kuɗi kai tsaye, kamar ɗinki ko aski ko tsaron ƙaramin shago, ina ba da shawarar a saya, da sharaɗin a riƙa tura kuɗin mako biyu gaba duk ranar da ciniki ya yi kyau, domin a samu abin da zai tare ranar rashi. Ga wanda samunsa ba ya ƙaruwa da dare, kuma yakan yi mako bai ga aiki ba, ƙaramar fitilar sola guda ɗaya da zai saya kuɗi hannu ta fi masa kwanciyar rai, ko da haskenta bai kai ba, tun da babu mai kulle masa ita. Mu dai saura wata huɗu da 'yan kwanaki mu gama biya, har da kwanakin jinyar da aka ƙara a ƙarshen wa'adin. Makunnin fitilar bakin ƙofa ya lalace mako uku da suka wuce, wakilin ya ce na canji yana hanya, kafin nan Yaya ta ɗaure shi da zare yana ci.